Orval Tidmore, Masoyin Ɗan Benci

Mutane sukan tambaye ni ko Orval Tidmore ya taɓa son wani mai jifan ƙwallo a rayuwarsa. Nakan ce ya so su duka. Sai dai kowannensu akwai ranar da ya daina sonsa, ita ce ranar da koci ya sa shi wasa.

Kujerata tana dab da tasa a filin ƙwallon Amurka na kwalejinmu tun muna da gashi a ka. Shi ubansa ya bar masa, ni surukina ya bar mini. A wannan yanki namu na Alabama ana raba gonar gado lami lafiya, amma ban taɓa ganin an raba kujerar fili an ci gaba da gaisawa ba. To, ta haka na sha ra'ayin Orval da kunnen hagu sama da shekara arba'in. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa kunnen. Ban yi masa musu ba.

Gyaran firji ne sana'arsa, kuma ya iya. Da zai tsaya kan firji da ba ni da labarin da zan bayar. Amma a sakandare ya taɓa zama mai jifa na biyu, kuma rigarsa ta wasa tana nan a falonsa cikin gilashi, fes, ko tabon ciyawa babu. Baƙo in ya yaba yadda aka adana ta, matarsa Verna Jo takan tashi ta shiga kicin duba abin da ba ta ɗora ba.

Mutum goma sha ɗaya ne a fili, amma ɗaya ake zagi, wato mai jifa, wanda ƙwallo ke fara shiga hannunsa. A bakin layi kuma ga na biyu tsaye, wanda bai taɓa jefa wa abokan gaba ƙwallo ba, tunda bai taɓa jefawa ba. Wannan shi ne gwanin Orval a kowace shekara. Akwai wani Culpepper da Orval ya yi kakar wasa guda yana kiran sunansa har muryarsa ta dushe. Da aka sa yaron, ba a yi mako biyu ba Orval ya gano tafin hannunsa ya yi ƙanƙanta. Ya koma kan wanda ke bayansa. Shi ma da aka sa shi, sai ya zamana ƙafafunsa ne ba sa jin magana.

"Ai ni ma ta benci ce," in ji Verna Jo wata rana a gabana. "Yayata ya fara nema, ni ina gefe yana ta yaba hankalina. Da ya aure ni, sati biyu ya gano biskit ɗina ya cika tauri."

"Na dai ci," in ji Orval.

"Ka ci kana sharhi."

Abin da ya fito da sunansa a gunduma shi ne shirin Skeeter Bohannon na rediyo, wanda ake bugo waya ran Litinin da safe. Mu tsofaffi a shagon abincin Mis Odessa muke sauraro, kofi a gaba. Orval ba ya zagi, dattijon coci ne. Yabo yake yi.

"Skeeter, ni ba koci ba ne," haka yake farawa, "amma ina so in yaba wa mai jifanmu. Yaro ne mai tarbiyya. Abin hannunsa ba ya rufe masa ido. Shekaranjiya ya ga baƙi sun zo daga nesa, bai bari sun koma hannu rabbana ba, har sau uku ya miƙa musu ƙwallo."

Sai shago ya ɗauki dariya. Sai ya rufe da kalmomin da yaran makarantar Lahadi ma suka haddace: "A sa yaron." Wane yaro, ba ya bukatar faɗa. Duk wanda ke benci.

Jikansa Weston a bayan gidan Orval, da ke jikin nawa, ya tashi, yana jefa ƙwallo ta cikin tsohuwar tayar mota da Orval ya rataye a reshen bishiya. Hannu kam yana da shi, wannan ba sai Orval ya faɗa ba. Amma ba jifa kawai kakan ya koya masa ba. Ya koya masa yadda ake zaman jira, fannin da babu wanda ya fi shi sani.

"Hular kwano a ka, maɗauri a haɓa," yakan ce. "Ka tsaya daidai gwiwar hannun koci. In ya waiwaya, fuskarka zai fara gani. Wanda ya zauna a benci da tawul a ka, a benci zai tsufa."

Sau nawa na ji wannan ta kan shinge, ban ƙirga ba. Yaron yana ɗan firamare ma da hular yake cin abinci.

Da Weston ya shiga kwalejinmu ya zama mai jifa na biyu, Orval ya samu abin da bai taɓa mafarki ba: ɗan benci na jininsa. Shekara uku ya yi yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan. Na ɗaya kuwa wani Ledbetter ne, sa'an Weston, shekara ɗaya suka shigo. Yaron kirki ne, ya taɓa ɗaukar wa Verna Jo kaya a kanti. Wannan bai hana shi shan yabo kowace Litinin ba.

A shekararsu ta ƙarshe ne abin ya faru. Weston ya shiga wasa huɗu na farkon kaka, can ƙarshe-ƙarshe, lokacin da mutane ke neman makullin mota. A na huɗun wani ƙato ya faɗa masa a kafaɗa, aka fitar da shi da hannu a rataye. Sai koci ya kira shi ofis ya nuna masa wata ƙofa a doka. Kowane ɗan wasa kaka huɗu doka ta ba shi, amma wanda bai wuce wasa huɗu a shekara ba, wannan shekarar ba ta shiga lissafi. Jar riga muke ce wa wannan, ko da yake babu wata riga. In Weston ya haƙura ya zauna har ƙarshen kaka, baɗi Ledbetter ya tafi, shi kuma ya dawo ya zama na ɗaya, kaka guda cur tasa. In kuwa ya taka fili a wasa na biyar, ko da karo ɗaya ne, ko da ƙwallo kawai ya miƙa wa na bayansa, shekarar ta ciwu, kuma wasansa ya ƙare ke nan har abada. Rangwamen da ake yi wa masu rauni ma ba zai cece shi ba, don ba a yi wa wanda ya dawo fili a ƙarshen kaka.

Kafaɗar ta warke kafin sanyi ya shigo. Koci ya ce ya riƙa sa kaya yana tsayawa don ko-ta-kwana, amma in ƙaramin abu ya taso akwai na uku, wani sabon shiga mai suna Pruitt.

To, sai aka ci mu wasa uku a jere, kuma Ledbetter ya yi kyauta irin wadda ko Orval bai taɓa yabawa ba. Gari ya tashi. A gilashin shagon Mis Odessa aka rubuta "A sa yaron." A bayan motocin ɗiban katako aka rubuta. Allon ƙofar cocinmu, inda ake sa ayar mako, wani ya ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, fasto kuma ya yi kamar tabaransa sun ɓata. Shekara arba'in Orval yana koyar da gari karatu, ga shi sun sauke.

Ina zaune a barandarsa muna ɓare dafaffiyar gyaɗa Weston ya zo. Ya gaishe ni, ya zauna a matakala.

"Pawpaw," haka yake kiran kakansa, "alfarma na zo nema."

"In mota ce, babu."

"Ba mota ba ce."

"To mene ne?"

"Ka yi shiru."

Orval ya dube shi, ya dubi gyaɗar hannunsa.

"Ka nemi motar," ya ce.

"Da gaske nake, tsoho. Koci yana tsoron aikinsa. Duk inda ya juya sunana yake ji. Wasa biyu suka rage. Ka bar ni in zauna."

"Wa ya ce ka tashi?"

"Kai. Tun ina goye."

Verna Jo ta leƙo ta taga. "Gaya masa da ƙarfi, ɗan nan, kunnensa na jin muryarsa kaɗai."

A ba shi haƙƙinsa, Orval ya fahimta. Ran Litinin bai buga waya ba. Ya zo shago ya zauna tare da mu, hannu biyu a kan kofi, kamar mai tsoron ɗayan zai suɓuce ya shiga aljihu. Skeeter ya jira, ya ƙara jira, har shirin ya kusa ƙarewa. Sai ya sassauta murya.

"Jama'a, yau Mista Orval Tidmore bai bugo ba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin haka ba. In takaici ya kai ya rufe bakin wannan dattijo, to wanda ke da kunne a ofishin koci ya ji."

Mis Odessa ta ƙara masa kofi ba tare da ya nema ba, ta dafa kafaɗarsa. "Mun ji shirun naka, Mista Orval. Ya fi magana ciwo."

Ran Asabar aka sake cin mu. Da shiru ya ƙi, Orval ya ce sai ya fito fili ya faɗi gaskiya. Na ba shi shawarar ya tafi kamun tarwaɗa. Ya ce ni ban san rediyo ba.

"Skeeter, ni ba koci ba ne," ya fara, daga gida ya bugo, mu muna shago, "amma ina so in yaba wa Ledbetter."

Tun nan wani ya ajiye kofinsa don kada ya ƙware.

"Yaron nan yana iyakar ƙoƙarinsa. Masu tare masa gaba ne ba sa tarewa. Kowa aka sa a wurin nan haka zai yi. Shi ya cancanci ya ƙarasa kakar nan, kada a taɓa shi."

Shago ya kife. Wani yana dukan tebur, wani yana share hawaye.

"Mista Orval," in ji Skeeter, da ƙyar yake numfashi, "ka yi wa yaron sassauci. Uwarsa tana saurare."

"Da gaske nake."

"Mun sani. Kullum da gaske kake."

"Skeeter, ka saurare ni. In jikana ya taka fili, shekararsa ta tafi. Jar riga gare shi. Doka ce."

Ai kuwa sai waya ta biyu ta shigo, wani mai sayar da taya daga ƙetaren titin jirgi.

"Skeeter, ka gaya wa Mista Orval mun gane gatsen. Ba shi ne ya ce mana jar riga rigar matsorata ce ba? Ya ce a zamaninsu da karyayyar ƙafa ake wasa, a ɗaure da igiyar buhu. Jinin Tidmore ba zai ɓuya a bayan doka ba. A sa yaron."

Orval ya faɗa kuwa, bara waccan, kan ɗan wani. Ni ma ina wurin. Zamanin nasu na karyayyar ƙafa ne dai ban tuna ba, wataƙila ranar ban je fili ba.

Wasan ƙarshe da mutanen ƙetaren kogi ne, waɗanda ba ma aurar musu da 'ya'ya sai in babu yadda za a yi. Da rana tsaka aka fara, fili ya cika har matakala. Hayaƙin gashin haƙarƙari daga wurin ajiye motoci yana shigowa da iska. Orval ya zo da ƙunshin gyaɗarsa kamar kullum, amma bai kwance ba.

Ban taɓa jin ana yi wa mai jifa addu'a irin ta ranar ba. Ledbetter ya jefa ƙwallo, ƙwallon ya faɗi ƙasa, Orval ya ce, "Ba komai, ɗana, iska ce." Na bayanmu suka fashe da dariya suna bubbuga bayansa. Aka kayar da Ledbetter, Orval ya miƙe ya ce, "Tashi, don Allah tashi, lafiyarka ƙalau." Wata mata ta ce wa mijinta tsohon nan ba shi da imani ko kaɗan.

Ledbetter dai yana tashi. A ranar, abin mamaki, har wasa yake yi. Aka shiga kashin ƙarshe suna gabanmu da kaɗan, ƙwallo yana hannunmu. Koci ya riga ya ƙone duk damarsa ta tsayar da wasa, wajen jayayya da alƙali da wajen gyara abin da bai gyaru ba. Na ga Orval ya kwance gyaɗar. Ya ɗauka an tsallake.

Sai Ledbetter ya ruga da ƙwallo da kansa, mutum biyu suka haɗu a kansa. Shi bai ji komai ba, ya miƙe garau. Hular kwanonsa ce ta fita, ta gangara kan ciyawa kamar kabewa. Kowa a filin ya san hukuncin wannan: wanda hularsa ta fita sai ya bar fili na karo ɗaya, sannan ya dawo. Karo ɗaya tak. Aikin Pruitt ke nan, don irin wannan aka ajiye shi.

Pruitt yana can ƙarshen benci da tawul a ka. Hularsa tana wani wuri ƙarƙashin kujera, cikin kofunan ruwa. Shi ba shi da kakan da ya koya masa komai.

Agogo yana ci. Fili ya ɗauka baki ɗaya, dubban mutane da murya guda, kalmomi ukun nan. Koci ya waiwaya. A daidai gwiwar hannunsa ga mutum tsaye, hula a ka, maɗauri a haɓa.

Har yau ana musu a shagon Mis Odessa ko kocin ya tura shi ne, ko hannu kawai ya ɗora masa a baya. Ni idona bai kai nan ba. Na dai ga Weston yana gudu.

Orval ya miƙe, gyaɗa ta watse. Ya buɗe baki iyakar ƙarfinsa yana cewa ya koma, ya zauna. Ni kaɗai na ji, ni ma don kunnen ya saba. Mai ɗaukar hoto ya nemo shi, sai ga fuskarsa a babban allon fili, baki buɗe, hannu sama, ido ya kawo ruwa. Jama'a suka ga tsoho yana murna, suka ƙara tafi.

Weston ya karɓi ƙwallo, ya juya, ya miƙa wa na bayansa. Wannan ya yi taku biyu aka danne shi. Weston ya rugo waje, Ledbetter ya koma da hularsa. Weston kuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

Mun ci wasan. Ledbetter ne ya jefa ƙwallon nasara, kyakkyawan jifa, amma ban ji wanda ya tuna da shi ba. A wurin ajiye motoci layi aka yi wa Orval.

"Shekara arba'in kana faɗa, Mista Orval, yau sun ji."

"Yana shiga wasa ya juya. Ka ga yadda ya miƙa ƙwallon nan?"

Orval yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. An koya masa ladabi.

Muka jira Weston a ƙofar 'yan wasa, ni da Orval da Verna Jo. Ya fito da jakarsa a kafaɗar da ta warke.

"Pawpaw, ka gan ni?"

"Na gan ka."

"Ban ma yi tunani ba. Ya waiwaya kawai, sai na ga ƙafafuna sun tafi."

"Na ga haka."

"Hula a ka," in ji Weston, ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ka ce ban iya karatu ba."

Orval ya buɗe baki. Muka jira, don ba mu saba ganin ya buɗe babu abin da ya fito ba.

"Ku zo mu tafi," in ji Verna Jo. "Na bar kaza a murhu." Wannan karon ta ɗora.

Kwaleji ta roƙi masu riƙe da doka su duba lamarin. Suka duba, suka ce huɗu da ɗaya biyar ne. Weston yanzu yana koyar da tarihi a wata sakandare a gundumar da ke kudu da mu, da yamma yana horar da yara. Yana zuwa cin abincin Lahadi, ba ya fashi, kuma ban taɓa jin ya tayar da zancen ba. Rigarsa ta ranar ya kawo wa kakansa da kansa. Orval ya sa an yi mata gilashi, ya rataye kusa da tasa. Baƙi sukan ce dukansu biyun an iya adana su.

Skeeter ya daina jiran waya ran Litinin. Ya ce dattijo ya cika burinsa ya yi ritaya. Mis Odessa ta manna hoton nan na babban allo a bayan teburinta, kuma Orval ya canja kujera, yanzu yana ba shi baya.

Da kaka ta zagayo Pruitt ne na ɗaya. Orval ya zo kowane wasa, ya zauna ya ɓare gyaɗarsa, bai ce uffan ba. Har na fara tunanin ko zan iya cire audugar da nake sawa a kunnen hagu. Can wajen tsakiyar kaka Pruitt ya jefa wa baƙi ƙwallo, kyauta mai kyau, har ƙirji. Na ji Orval ya ja numfashi ya riƙe. Ya sake shi a hankali. Ya ci gyaɗa biyu. Idonsa ya gangara bakin layi, inda wani dogon yaro sabon shiga ke tsaye yana lilo da hannu.

"Hollis," ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "wancan mai lamba goma sha huɗu. An ce yana da hannu."

Na ce masa ban ji ba. Ta hagu ya yi maganar.